Yadda Ake Cajin Batirin Motar Rimot Ba Tare da An Jawo Gobara Ba

Tambaya biyu ce masu motar rimot suka fi maimaitawa: a kan lamba nawa zan saita caja, kuma me ya sa batirina ya kumbura tun bai yi wata uku ba? Amsarsu a wuri ɗaya take. Caja ba ta da ido, abin da ka gaya mata shi take yi ko da kuskure ne. Batirin LiPo kuwa, wanda nau'in batirin lithiyam ne, ba ya yafiya: in aka ɗura masa wuta fiye da kima sai ya kumbura, ya yi hayaƙi, ya kama da wuta mai wuyar kashewa. Abu uku kake gaya wa caja a kowane caji, wato irin batirin, yawan ƙwayoyin da ke cikinsa, da ƙarfin wutar da za ta tura masa. Ragowar aikin ya rataya a kan inda ka ajiye shi da kuma zamanka kusa da shi har ya gama.

1. Karanta jikin batirin

Kafin ka taɓa caja, juya batirin ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Yawancin motocin rimot ɗayan biyu suke amfani da shi, NiMH ko LiPo.

NiMH shi ne mai kama da jerin batura masu siffar gwangwani da aka naɗe da leda. Kowace ƙwaya bolt 1.2 ce, bolt kuwa shi ne abin da ake rubutawa da harafin V. Mai ƙwaya 6 yana ba da 7.2V, mai ƙwaya 7 yana ba da 8.4V. Wayoyi biyu kawai gare shi, ja da baƙa.

LiPo yakan zo a shafe kamar sabulu, ko a cikin akwatin roba mai tauri. Kowace ƙwaya 3.7V aka rubuta mata, amma in ta cika tana kai 4.20V. Harafin S na nuna yawan ƙwayoyi: 2S na nufin biyu, 7.4V a rubuce, 8.4V a cike. 3S ƙwaya uku ne, 11.1V a rubuce, 12.6V a cike. 4S kuma 14.8V ne, ya cika a 16.8V. Bayan manyan wayoyi biyu, za ka ga ƙaramin farin filogi mai siraran wayoyi. Yawan wayoyinsa kullum ya fi yawan ƙwayoyi da ɗaya: uku ga 2S, huɗu ga 3S. In takardar ta goge, ƙirga waɗannan wayoyin ka cire ɗaya, ka samu yawan ƙwayoyi.

Akwai 'yan uwan LiPo guda biyu da ake ruɗewa da su. LiHV yana cika a 4.35V kowace ƙwaya, LiFe kuma a wajen 3.6V. Kowannensu yana da nasa wurin a cikin caja.

Gargaɗi: lambar 8.4V tarko ce. NiMH mai ƙwaya 7 da LiPo 2S da ya cika duk suna nuna ta, amma hanyar cajinsu ta sha bamban. Kada lamba ta yanke maka hukunci, sunan batirin za ka duba.

Sai lambar mAh, wadda ke nuna yawan wutar da batirin ke iya ɗauka, misali 2200, 3000 ko 5000. Riƙe ta, da ita za a yi lissafi a mataki na 6.

2. Tanadi kayan aiki

Na farko caja mai kwakwalwa, wadda ke da gurbin farin filogin nan, take kuma nuna bolt na kowace ƙwaya daban. Wadda ta fi yaɗuwa a hannun masu farawa ita ce iMAX B6 ta kamfanin SkyRC da ire-irenta. Sai dai jabunta ya cika kasuwa, kuma aibin jabu shi ne karatun bolt ɗinsa kan kauce: tana nuna maka 4.20 alhali ƙwayar ta wuce haka. In farashin ya yi arha fiye da hankali, bar ta. In ka riga ka saya, gwada batirin da ta ce ya cika da wata mita daban ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Na biyu ƙaramar na'urar auna ƙwayoyi, wadda ba ta fi ɗan yatsa biyu girma ba. Ana soka mata farin filogi, ta nuna bolt na ƙwaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sannan jimla. Na uku jakar caji mai jure wuta, wadda ake saƙawa da zaren gilashi. Na huɗu bokitin busasshen yashi. Na biyar wayar caji mai kan da ya dace da batirinka, domin kawunan ba ɗaya ba ne: akwai XT60 mai ruwan ɗorawa, akwai Deans ja mai siffar T, akwai EC3 da EC5 masu shuɗi, akwai farin Tamiya na tsofaffin NiMH, Traxxas ma da nasa kan.

Maganar kuɗi: farashin waɗannan kaya yana bin dala, yau daban gobe daban. Amma jaka da na'urar awo in ka haɗa su biyu ba sa kai kuɗin batir ɗaya mai kyau na 5000mAh, yashi kuma kyauta ne. Cajar ce za ta ci kuɗi, kuma nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba.

Gargaɗi: kada ka fere waya ka tura cikin kan batir don kan cajarka bai dace ba. Sayi kan da ya dace, ko ka kai wa mai gyaran rediyo ya liƙa maka shi da dalma. In batirin za a canza wa kai, waya ɗaya ake yankewa a liƙa a rufe, sannan a taɓa ta biyu. Wanda ya sa almakashi ya datse duka biyun lokaci guda ya haɗa ja da baƙa da ƙarfen almakashin.

3. Zaɓi wurin caji

Daɓen siminti ko tayil, nesa da labule, katifa, kafet, jarkar fetur da tukunyar gas. Baranda mai inuwa ko zaure mai iska ya fi ɗakin kwana nesa ba kusa ba. Bar aƙalla taku biyu tsakanin batirin da duk abin da wuta ke ci, ka kuma duba sama, kada ya zama ƙarƙashin rufin zana ko shanya.

Wanda bai samu jaka ba, tukunyar ƙasa tana yin aikin, wataƙila ma fiye. Zuba yashi kamar kaurin yatsu uku a gindinta, ɗora batirin, ka fito da wayoyi ta baki. Ramin bulon siminti ma yana yi. Wata dabara ita ce a ɗaure yashi a leda a ɗora a bakin tukunyar ko bulon: in wuta ta tashi ledar za ta narke, yashin ya zube a kan batirin da kansa. Cajar ita a waje take zama, don tana bukatar iska ta huce.

Gargaɗi: kada ka rufe batir a cikin akwatin ƙarfe da iska ba ta fita. In ya kama, hayaƙin da ke fita da ƙarfi sai ya samu hanya, in ya rasa akwatin ne zai fashe. Sannan a cire batirin daga cikin motar kafin caji. Roba da waya da tayoyi duk abincin wuta ne, kuma ba ka ganin kumburi in yana ɗaure a gurbinsa.

Zafin gari ma abin lura ne. Iyakar zafin da ake cajin batirin lithiyam a cikinsa kusan digiri 45 ne a ma'aunin Selshiyos, caji kuma da kansa yana ƙara ɗumi. A Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafin rana na haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka. A irin wannan lokaci yi cajinka da sassafe ko bayan magariba.

4. Wutar da za ka ba cajar

Wasu cajoji kai tsaye ake jona su a bango. Wasu kuma, irin B6 ta asali, wutar batir suke ci, daga 11V zuwa 18V. Ga irin waɗannan kana bukatar adafta mai 12V da aƙalla amfiya 5 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), ko batirin mota.

Gargaɗi: yawancin cajojin laftof 19V suke bayarwa ko sama da haka kaɗan. Bakinsu kan shiga daidai, shi ya sa mutane ke gwadawa, amma sun haura iyakar 18V. Haka batiran inbata da aka haɗa su 24V, haka farantin sola in aka jona shi kai tsaye, domin wanda ake kira na 12V yana haura 20V a tsakar rana in ba kaya a kansa.

Batirin mota ko na sola mai 12V shi ne wuta mafi natsuwa da za ka samu, ba ɗaukewa ba hauhawa. Jan maƙali a kan alamar +, baƙi a kan alamar −. Ja wayar ta yi tsawo yadda caja da LiPo za su zauna a ƙasa, kada a ɗora su a kan inji ko kujerar mota. Batirin 2S mai 5000mAh wutar da yake ɗauka kaɗan ce in aka kwatanta da ta batirin mota, caji biyu ko uku ba sa hana lafiyayyen batir tayar da inji, amma kada a wuni ana zuƙa.

In da wutar nepa kake caji aka ɗauke, cire batirin daga caja nan take, ka zare cajar daga bango. Wutar da ke dawowa takan zo da ƙarfi, kuma wasu cajoji in sun farfaɗo ba lallai su koma saitin da ka bari ba. In an dawo da ita, fara daga farko. Ƙaramin janareta kuwa wutarsa hawa da sauka take duk lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga, sai a sa sitabilaiza a tsakani.

5. Duba lafiyar batirin

Batirin da aka cire daga mota yanzu da zafinsa yake. Bar shi minti 20 zuwa 30 a inuwa, sai ka ɗora bayan hannunka ka ji ya koma daidai da zafin ɗaki.

Ɗora shi a kan tebur mai shafe. Lafiyayye zai kwanta lif. In yana lilo kamar cikinsa ya taso, ko ka matsa ka ji kamar balan-balan, ya kumbura. Mai akwatin roba kan nuna nasa ta wajen ɗinkin akwatin da ke buɗewa. Duba lotsewa a kusurwa bayan motar ta yi karo, duba waya da ta ɗaye, ka shinshina: wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce alama ce ledar ƙwaya ta huje. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, wannan batir ya gama aiki, wuce mataki na 13.

Sai awo. Soka farin filogi a na'urar, baƙar waya a gefen da ke da alamar −. Bayan wasa, ƙwayoyi su nuna 3.6V zuwa 3.8V, kuma su yi kusa da juna. Misali 3.71 da 3.73 lafiya lau. In tazarar ta kai 0.1V, cajin daidaito (duba mataki na 8) na iya gyarawa, amma sa ido a kan batirin. In ka ga 3.70 da 3.20, ƙwaya ɗaya tana mutuwa.

Gargaɗi: ƙwayar da ta faɗi ƙasa da 3.0V caja mai kyau za ta ƙi karɓarta. Za ka ji ana ba da shawarar a yaudari cajar, a sa ta a NiMH na 'yan mintuna har bolt ya ɗago. Kada ka yi. In ƙwaya ta yi ƙasa sosai, tagullar da ke cikinta takan narke, in aka sake caji ta taru ta zama siraran ƙayoyi masu huda shingen da ya raba ɓangarorin biyu. Batirin zai yi kamar ya warke, ya je ya kama wuta wata rana a cikin jaka.

6. Lissafa amfiya

Ƙa'idar ita ce 1C, ma'ana raba lambar mAh da 1000. Batir mai 5000mAh amfiya 5.0, mai 2200mAh amfiya 2.2, mai 1500mAh amfiya 1.5. A haka caji kan ɗauki kusan awa ɗaya, wani lokaci da 'yan mintuna a kai. Yin ƙasa da haka ba ya cutarwa, lokaci kawai yake ci, a lokacin zafi ma rage shi zuwa rabi ya fi.

Gargaɗi: babbar lambar da aka buga a gaban batir, 30C ko 50C ko 100C, ta fitar da wuta ce lokacin da mota ke gudu. Ba ta da alaƙa da caji. Iyakar caji in akwai, a ƙananan rubutu take a baya, 2C ko 3C ko 5C. Ko an rubuta haka, batirin da ake caji a 1C ya fi daɗewa.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai: ka saita amfiya 5 amma caja ta tsaya a 4. Ba lalacewa ta yi ba, ƙarfinta ne ya ƙare. Ninka bolt na cika da amfiya ka samu wat. 2S a amfiya 5 shi ne 8.4 sau 5, wat 42. 3S a amfiya 5 wat 63 ne. Caja mai wat 50 za ta iya na farko, a na biyu sai ta rage da kanta zuwa wajen amfiya 4. Mai niyyar amfani da 3S ko 4S manya ya nemi caja mai wat 100 ko fiye tun farko.

7. Jona wayoyi bi da bi

Kunna cajar tukuna, ba batir a jikinta. Sannan soka wayar caji a cikin cajar, ja a jan rami, baƙa a baƙin rami. Sai ka haɗa babban kan batirin da wayar, daga ƙarshe farin filogi a gurbin da ya dace da yawan ƙwayoyinsa. Yana da 'yan haƙora biyu a baya da ke hana shi shiga a juye, in ya ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi, juya shi.

Dalilin wannan jeri: kawunan wayar da ke shiga caja tsirara suke. In ka fara haɗa batirin, kana riƙe da ƙarfe biyu masu wuta suna reto, da sun taɓa juna ko zobe ko agogon hannunka sai tartsatsi. LiPo na iya tura amfiya sama da ɗari a wannan ƙiftawar, ya isa ya narka waya ya ƙona yatsa. Wajen cirewa kuma sai a juya jerin, batir ya fara fita.

Masu batir mai akwatin roba da ramuka a jiki su ƙara kula, domin babu abin da ke hana soka ja a ramin baƙa. Karanta + da − a jikin akwatin kowane lokaci. Ƙaramin rami na uku na siririyar wayar daidaito ne, wato ta farin filogi. Ɗan jan fenti ko jan salatif a gefen + yana maganin mantuwa.

8. Saita caja, ka karanta kafin ka danna

Zaɓi LiPo. A ƙarƙashinsa zaɓi BALANCE, wato cajin daidaito. Sa amfiyar da ka lissafa, sa yawan ƙwayoyi. Danna maɓallin farawa ka riƙe, cajar za ta auna batirin ta nuna maka lamba biyu, abin da ita ta gano da abin da kai ka saita. A kan B6 za ka ga R da S, kowanne da lambarsa. In sun zo ɗaya, tabbatar. In sun saɓa, tsaya ka nemo dalili, kada ka canza lamba don kawai ta yarda.

Me ya sa daidaito kowane lokaci? Domin in babbar waya kaɗai aka jona, jimla kawai caja ke gani. 2S da ke nuna 8.4V zai iya zama 4.20 da 4.20, zai kuma iya zama 4.05 da 4.35. A wajen caja duk ɗaya ne, amma a na biyun ƙwaya ɗaya ta sha fiye da ƙarfinta. Ta farin filogi ne caja ke ganin kowace ƙwaya, tana rage wa wadda ta yi gaba har ta baya ta kamo ta. Akwai zaɓin FAST, mintunan da yake rage maka ba su kai darajar batirin ba.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: kada a taɓa cajin LiPo a saitin NiMH. Cajin NiMH yana tsayawa ne in caja ta ga bolt ya kai ƙololuwa ya ɗan sauko. LiPo ba ya yin wannan saukowar, don haka caja za ta yi ta turawa, 4.3, 4.5, har ya fashe. Mai batura iri biyu ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin caja takan buɗe a saitin da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Haka saitin LiHV a kan LiPo na gama-gari, 4.35V ya yi masa yawa.

Shiga saitin cajar sau ɗaya ka kunna birki biyu: agogon tsaro a minti 120, da iyakar mAh daidai da girman batirinka ko sama kaɗan. In wani abu ya kauce, ɗayansu zai yanke wutar.

9. Zauna kusa

Ba a barin LiPo a caji a tafi masallaci, kasuwa ko barci. In fita ta kama, tsayar da caji ka cire, in ka dawo ka ci gaba, ba abin da zai same shi. Yara kuma su san wannan kusurwa ba wurin wasa ba ce.

Abin da za ka gani: da farko amfiya tana tsaye a inda ka sa ta, bolt na hawa. In ƙwayoyi sun kai 4.20V sai bolt ya tsaya, amfiya ta fara sauka a hankali har ta kusa ƙarewa, cajar ta yi ƙara. Duk minti goma danna maɓallin da ke nuna ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, ka taɓa batirin. LiPo a 1C bai kamata ya yi zafi ba, ɗumi kaɗan ne iyaka. Zafi, kumburi, wari, ƙarar tsss, ko ƙwaya da ta haura 4.22V tana ci gaba, duk dalilin tsayarwa ne nan take. Fitar da shi waje a kan yashi ka bar shi aƙalla awa ɗaya kana kallo daga nesa.

In ya gama, ƙwayoyi su kasance tsakanin 4.18 da 4.20, tazararsu ba ta wuce 0.02V ba. Duba kuma mAh da caja ta ce ta zuba. Batir mai 5000 da aka yi wasa da shi har mota ta rage gudu yakan karɓi 3500 zuwa 4200. In kullum 2000 yake karɓa ya ce ya ƙoshi, ya tsufa, ko kuma lambar da aka buga a jikinsa ƙarya ce tun asali.

Akwai allon da ke ba da damar cajin batura da yawa lokaci guda. Yana bukatar duk su zama masu ƙwaya iri ɗaya, bolt ɗinsu kuma kusan daidai. Mai farawa ya bar shi tukuna.

10. In NiMH ne ko mai wayar USB

NiMH ya fi haƙuri, ba ya saurin kamawa da wuta, amma yawan caji na dafa shi har ya yi yoyo ko ya fashe. Zaɓi NiMH a caja, amfiya 1C ko ƙasa, misali 3.0 ga mai 3000mAh. Shi ɗumi a ƙarshen caji al'adarsa ce. In ya kai ba ka iya riƙe shi a tafin hannu, caja ta wuce wurin tsayawa, cire shi. Sabo ko wanda ya daɗe a ajiye yakan sa caja ta tsaya da wuri bayan 'yan mintuna. Bar shi ya huce, ka sake farawa a rabin amfiya.

Ƙaramar cajar bango da ke zuwa cikin kwalin wasu motoci sau da yawa ba ta tsayawa da kanta, kai ne agogonta. Raba mAh na batir da mA da aka rubuta a jikin cajar, ka ninka da 1.4. Batir mai 1800mAh da caja mai 300mA: 6 sau 1.4, awa 8 da minti 24 in batirin ya ƙare sarai. Sa ƙararrawa a waya.

Ƙananan motoci masu batirin lithiyam 7.4V da wayar USB kuwa, kan cajar waya na 5V mai amfiya 2 ya wadatar. Yi amfani da wayar da ta zo da motar kaɗai, don wayoyin NiMH da na lithiyam kan yi kama a ido. Ma'anar fitilar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, duba takardar. Ƙanƙantar batirin ba ta sa a bar shi a kan katifa ya kwana a jone ba.

11. In ya kama wuta

Zare filogi daga bango in hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya a kan batirin ba. Juye yashi a kai gaba ɗaya. Fitar da kowa, a buɗe ƙofa da taga, domin hayaƙin guba ne mai ƙona huhu. Ruwa yana sanyaya shi yana kuma kashe abin da ke kewaye, amma ba a watsa shi muddin caja na jone da wutar bango. Ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya suke kamawa, in wuta ta lafa kada ka ɗauka ta mutu, ta biyu na iya tashi bayan mintuna. Bar shi a cikin yashin har washegari. In wutar ta kama wani abu a ɗakin, kira 'yan kwana-kwana: 112 a Najeriya, 18 a Nijar.

12. Bayan wasa da ajiya

Da yawa daga cikin baturan da ke kumbura ba a caja suka lalace ba, a ajiya ne. LiPo ba ya son zama a cike, ba ya son zama a ƙare. In ba za ka yi wasa cikin kwana biyu ko uku ba, jona shi kamar za ka yi caji ka zaɓi STORAGE. Cajar za ta kai kowace ƙwaya wajen 3.8V, ko ta ƙara ko ta rage. Ragewa a ƙananan cajoji na ɗaukar awanni, ya fi sauƙi ka ɗan zaga da motar minti biyar zuwa goma sannan ka ƙarasa a caja. Cikakken batir a ɗaki mai zafi shi ne wanda ke tasowa kamar burodi cikin 'yan makonni.

Ajiye shi a tukunyar ko jakar, a wuri mafi sanyi a gidan, kawunansa a rufe kada su taɓa kusa ko makulli. Motar hawa da aka faka a rana cikinta na iya haura digiri 60, kada a bar batir a ciki. Duk wata ɗaya ko biyu a auna. NiMH shi da kansa yake zubar da wuta a ajiye, a bar masa kamar rabi, a riƙa ɗan ƙara masa lokaci-lokaci.

A cikin motar rimot ɗin ma akwai saiti ɗaya da ya shafi caji. Na'urar da ke sarrafa gudun mota, ESC, tana da tsarin yanke wuta in batir ya yi ƙasa. In ka tashi daga NiMH ka koma LiPo, tabbatar an kunna shi, a wajen 3.2V zuwa 3.4V kowace ƙwaya. Da mota ta rage ƙarfi, tsaya. Kuma zare batirin daga motar da an gama, ko da makunnin a kashe yake, domin da yawansu suna ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan har su kai ƙwayoyi ƙasa da 3.0V cikin 'yan kwanaki.

13. Rabuwa da mataccen batir

Kada a jefa shi a bola da wuta a cikinsa. Bola ana cinna mata wuta, yara masu tsince-tsince kuma suna fasa duk abin da suka ga waya a jikinsa don neman tagulla. Kumburarren LiPo da aka soka wa ƙusa a hannu yake tashi.

Sai an zuƙe wutar tas. A waje, cikin bokitin yashi, haɗa masa ƙwan fitilar birki na mota mai 12V da wat 21. Wannan ya isa ga 2S da 3S, ga 4S kuma a jera ƙwai biyu ɗaya bayan ɗaya. Ƙwan zai haska, ya dushe, ya mutu. Bar shi a jone kwana ɗaya bayan mutuwar hasken, sannan ka auna da mita. Jiƙa shi a ruwan gishiri da wasu ke yi ba abin dogaro ba ne, gishirin kan cinye ƙarfen da ke haɗa ƙwayoyi tun wutar ba ta ƙare ba, sai mita ta nuna sifiri alhali cikin a cike yake. In ƙwan fitila ya kai shi sifiri, yanke kan, fere wayoyin biyu ka murɗe su wuri ɗaya, ka naɗe da baƙin salatif. Sannan a kai wa masu karɓar tsofaffin batura da kayan lantarki, a gaya musu na lithiyam ne don kada su haɗa shi da na mota su sa masa guduma.